'Yar Yayana Ce

Babana bai taɓa kiran sunana ba. Ni ce 'yarsa ta fari, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Habibatu, don haka kunya biyu ce ta haɗu masa a kaina. In yana so in miƙo masa buta sai ya ce, "Ke." In yana cikin raha sai ya ce, "'Yar Zungur." Ban taɓa jin zafin wannan ba, domin haka na tashi na gani a gidaje da dama a unguwarmu ta Ɗan Iya.

'Yar Zungur ɗin ma da dalili. Ranar da aka yaye ni, yayan Baba, Baffa Ladan, ya zo ya ɗauke ni ya kai ni gidansa can Zungur, saboda a lokacin Allah bai ba shi haihuwa ba. Shi ya sa ni a firamare, ya ce a rubuta Habibatu Ladan, kuma sunan ke nan da ke kan duk wata takarda tawa har yau. Sai da na kai shekara goma sha biyu aka dawo da ni cikin gari don in shiga sakandare.

Akwai wani wasa da su biyun suke yi, na gan shi ya fi a ƙirga, a wajen suna, a wajen ɗaurin aure, a bakin masallaci. Wani zai nuna ni ya ce, "Wannan 'yar wane ce?" Baba zai sunkuyar da kai ya ce, "'Yar yayana ce." Sai Baffa ya yi dariya, ya daki kafaɗarsa ya ce, "Rabu da shi, shi ya haifi abarsa, ni kiwo kawai na yi." A yi dariya a wuce. A danginmu ƙani ba ya cewa tawa ce a gaban wan da ya riƙe masa 'ya. Wan ne zai mayar masa da ita da bakinsa. Maganar rabi biyu ce, kowa da nasa rabin.

Sunan Baba Mijinyawa. Masinja ne a wani ofishi, shekara ashirin da ɗaya yana ɗaukar fayil daga tebur zuwa tebur. Ya san kowane fayil da launinsa da inda gefensa ya yage. Sababbin akawu shi suke tambaya inda takarda ta shige, in ya nemo musu kuma su aike shi sayen ruwan leda. A aji biyu na sakandare karatunsa ya tsaya, shekarar da kakanmu ya rasu, Baffa ya ce gonar ta fi ƙarfin mutum ɗaya.

Bara, bayan ƙaramar Sallah, aka liƙa sanarwa a allon ofishinsu. Duk ma'aikacin da ba shi da takardar gama sakandare, ko aƙalla shaidar ya yi rajistar jarrabawar kafin ƙarshen watan Agusta, za a mayar da shi ɗan wucin gadi. Babu ƙarin girma, babu fansho. Baba ya kwafo sanarwar a bayan wata ambulan da hannunsa, ya kawo gida, ya ajiye a kan tabarma kusa da ni ba tare da ya dube ni ba.

"A karanta wa mutanen gida," in ji shi.

Na karanta. Umma tana gyaran shinkafar masa, ta ɗago kai.

"To yanzu Malam, makaranta za ka koma? Da furfurar?"

"Furfurar ce za ta riƙe biron, A'i?"

"A'a, ni dai a gaya mini ko in riƙa ba ka kuɗin tara irin na yara 'yan makaranta."

Ya yi dariya, amma washegari ya je ya sa sunansa a ajin manya da ake yi bayan La'asar a wata firamare ta bayan layinmu. Na taɓa leƙa su ta taga. Bencin yara ne, gwiwoyin Baba sun kusa taɓa ƙirjinsa. Kusa da shi akwai Andrawus, mai gadin wani shago a kasuwar Wunti, mutumin wajen Bogoro, ƙato mai dariya kamar ana buga gwangwani. Su biyun ne dattawan ajin, littafin lissafi ɗaya suke dubawa.

Da asuba, in an idar da salla, Umma ta ɗora tanda tana suyar masa, ni da Baba sai mu zauna a bakin rumfa. Ba ya tambayata kai tsaye. Sai ya riƙe littafin nesa da idonsa ya ce wa iska, "A tambayar mana masu boko, ta yaya ragi da ragi in sun haɗu suke zama ƙari? Talaka biyu in sun haɗu ai ba sa zama attajiri." In na yi bayani, ya gyaɗa kai ya ce, "To, an ji." Waɗannan safiyoyin su ne mafi tsawon zaman da na taɓa yi da shi.

Matsalar ita ce kuɗin rajista. Ajin ba shi da tsada, amma jarrabawar ta fi ƙarfin albashin masinja mai ciyar da baki shida. Ni ba na iya magana a gaban mutane, ko a aji in aka kira sunana tafin hannuna gumi yake yi, amma ina iya karatun takarda. Sai na ɗauki neman tallafi a matsayin aikina. Duk sanarwar da na gani a bango sai na tsaya na karanta. A wani ofishin aka ce tallafinsu na 'yan jami'a da kwaleji ne. A masallaci aka ce mai albashi ba ya cikin waɗanda ake ba wa. A ƙungiyar ma'aikata aka ce akwai rance amma da ruwa a kai, Baba ya ce ko sunan kada a sake kawo masa.

Malamarmu ta Turanci ce ta ba ni wata takarda. Wata gidauniya ce mai taimakon iyaye maza da suka koma makaranta. Za su biya rajista, su ba da littattafai da kuɗin shiga keke mai ƙafa uku. Sharaɗi uku ne: kada mutum ya wuce shekara arba'in da biyar, ya kasance yana ajin manya, kuma ya kasance yana da 'ya mace ta cikinsa a babbar sakandare. Wai so suke uban da bai cire 'yarsa daga makaranta ba shi ma a riƙe hannunsa. Baba shekararsa arba'in da biyar cif. Ƙanwata Fati tana aji huɗu na firamare. Wato ni ce sharaɗi na uku.

Na karanta takardar sau bakwai a cikin keke kafin in iso gida. Na ji wani abu da ban saba ji ba, na ji ina da amfani.

Ni na cike fom ɗin, da fensir tukuna, sannan da biro. A ƙasa akwai wajen da aka ce mai nema ya zo ranar ganawa da 'yar, da kuma babba ɗaya daga dangi a matsayin shaida. Na rubuta Ladan.

Umma ta ce, "Da kin sa mai unguwa."

"Umma, dangi aka ce. Kuma sunana a makaranta Habibatu Ladan ne, in suka tambaya shi zai yi musu bayani."

"Ke dai kin fi kowa sanin takarda," in ji ta, ta ci gaba da juya masa. Ni kuma na ɗauka na yi nasara.

Abin da Umma ta tuna ni na manta shi ne zuwan Baffa na watan da ya gabata. Ya zo ranar Juma'a ya tarar da Baba yana haɗa jakar makaranta, tsohuwar jakata ce da Umma ta ɗinke hannunta. Na kawo masa ruwa na durƙusa, ina nan ina ji.

"Mijinyawa, abin da nake ji gaskiya ne? Wai kana zama a bencin yara ana tambayarka kana ɗaga hannu?"

"Wajen aiki ne suka matsa, Yaya."

"Su matsa mana. In sun kore ka ga gona can, ni ƙafata ta fara ciwo. Ko so kake duk Zungur a ce Ladan ne ya hana ƙaninsa karatu, sai da ya tsufa ya ƙwaci kansa?"

"Wa zai ce haka, Yaya?"

"An riga an fara cewa."

Baba ya tura jakar bayansa da ƙafa. Ya jira har Baffa ya hau acaɓa sannan ya tafi aji, ya makara.

Duk da haka da aka aika masa saƙon ganawa ya zo. Ranar Talata ce da safe, ya sa babbar rigarsa ta Sallah. Na ɗauki wannan alamar alheri ce.

A wani zaure da gidauniyar ta kama haya a hanyar Gubi aka yi. Maza sun fi sittin, kowa da 'yarsa cikin kayan makaranta, kowa da dattijonsa. Muna shiga muka ci karo da Andrawus yana fitowa da 'yarsa Patience, bakinsa har kunne.

"Ɗan ajinmu! Ka zo? Kai, wannan hula haka, aure za a ba ka a ciki?"

"Yaya aka yi, Andrawus?"

"Lafiya lau, tambaya uku ne kawai. Amma ka yi hankali, ransu a ɓace yake. Mutum biyu aka kora da safen nan, aron 'ya suka yi. Ɗaya 'yar maƙwabcinsa ya kawo, aka ce mene ne sunanta ya juya yana tambayarta." Ya fashe da dariya, ya gaishe da Baffa da hannu biyu. "Baba, ka yi haƙuri da ƙaninka, lissafi ne ba ya shiga kansa, amma yana da ladabi."

Baffa bai yi dariya ba.

Muka zauna fiye da awa biyu. Ina ta maimaita abin da zan ce a raina in an tambaye ni, na tsara shi da Hausa, na tsara shi da Turanci. Murfin birona sai da na tauna shi ya fashe.

Da aka kira mu, mutum biyu ne a bayan tebur. Akwai wata mata mai tabarau da ta ce sunanta Madam Dorcas, Hausarta tas irin ta wadda ta tashi a cikin gari. Sai wani jami'i da ya zo daga babban ofishinsu, ba ya jin Hausa sai kaɗan, kwamfuta ce a gabansa, duk abin da Madam ta fassara masa sai ya buga. Kujera biyu ce. Baffa ya zauna a ɗaya. Baba ya ƙi zama a ɗayar har sai da Madam ta ce masa sau biyu, sannan ya ɗosana a gefenta kamar kujerar na da zafi. Ni na tsaya a bayansu.

Tambayar farko, shekarunsa. Ya amsa. Ta biyu, ajin da yake da sunan malaminsa. Ya amsa, har ya ciro littafinsa ya nuna, Madam ta duba ta ce rubutunsa ya fi nata kyau.

Jami'in ya ɗaga katin makarantata ya yi magana da Turanci. Na ji abin da ya ce kafin a fassara. Sunan uba a kati Ladan ne, mai nema kuma Mijinyawa.

Madam Dorcas ta ce, "Malam Mijinyawa, wannan yarinyar 'yar wane ce?"

Ban san ko da gangan ta yi tambayar da waɗannan kalmomin ba. Ba na tsammani. Amma kalmomin ke nan da Baba ya ji sau ɗari a rayuwarsa, kuma yayansa na zaune a gefensa. Ya sunkuyar da kai.

"'Yar yayana ce."

Na juya na dubi Baffa. Ina jiran dariyar, ina jiran hannun da zai sauka a kafaɗar Baba. Na tabbata Baba ma ita yake jira, domin na ga ya ɗan karkata kafaɗarsa. Baffa ya ciro carbinsa daga aljihu ya fara ja.

Wannan jimlar jami'in bai buƙaci fassara ba. Ya ji "yaya", ya san ta. Na ji ƙarar madannan kwamfuta.

Madam Dorcas ta ɗaga masa hannu ya dakata. Ta cire tabarau. Daga yadda ta dubi Baba na gane ta san abin da ke faruwa, ta taɓa gani.

"Malam, nan ba wajen biki ba ne, ka ji? Abin da ka faɗa shi ake rubutawa. Ina sake tambayarka. Wa ya haife ta?"

Baba ya shafa gemunsa. Gumi ya jiƙa bakin hularsa.

"Ranki ya daɗe, ai Allah ne ya ba mu ita. A hannun Yaya ta tashi."

"Ban tambaye ka inda ta tashi ba. To mene ne sunanta?"

Sunan mahaifiyarsa. A gaban yayansa, a gaban baƙi. Ya nuna katin da ke hannun jami'in.

"Ai yana nan a rubuce."

Jami'in ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya ce da Turanci wannan ma bai san sunanta ba.

Madam ta juya wajen Baffa. Muryarta ta yi laushi, irin ta mai roƙo.

"Baba, kai ne shaida. Kai ne babba. Me ka ce?"

Baffa ya ja ƙwayar carbi ɗaya, ya ja ta biyu.

"'Yata, ai kin ji abin da ya ce da bakinsa. Ni ba na ƙaryata ƙanina a gaban mutane."

Baba bai ɗago ba. Yana kallon takalminsa, wanda ya goge da safe da tsumma da man gyaɗa.

Saura ni. Madam Dorcas ta dube ni ta saman kawunansu.

"Yarinya, ke fa? Waye babanki a cikin biyun nan?"

Na tsara wannan amsar da harshe biyu. Tana nan a bakina. Amma ga ƙeyar Baffa a gabana, mutumin da ya goye ni a kafaɗa zuwa gona, wanda ya sayar da akuya ya kai ni asibiti lokacin da na yi ƙyanda. Na tuna ranar da nake shekara bakwai na ce masa ai ba shi ne babana ba, bai doke ni ba, kwana uku ya yi bai ci abincin gidan ba, matarsa ta ce in na sake faɗa Allah ba zai bar ni ba. Ga kuma ƙeyar Baba. Tafin hannuna ya jiƙe har katin lambar layi da aka ba mu a ƙofa ya narke.

"Dukansu ne," na ce.

"Me kika ce? Ɗaga murya."

"Dukansu biyu ne."

Madam Dorcas ta mayar da tabaranta. Ta daɗe tana kallon fom ɗin da na cike da fensir sannan da biro. Ta yi wa jami'in magana a hankali, na ji tana cewa al'ada ce, ya ce shi an ba shi doka, an tambayi mutum uku babu wanda ya ce 'yarsa ce, kuma saura mutum talatin a waje. Ta ce mana, "Ku je, za a liƙa suna."

A waje Baffa ya ce yana da sayen magani a kasuwar Muda Lawal. Ya sa hannu a aljihu ya ciro kuɗin keke ya miƙa wa Baba, Baba ya karɓa da hannu biyu ya ce, "An gode, Yaya. A gaida gida." Har bakin titi ya raka shi.

A cikin keke, da muka kusa shataletale, Baba yana kallon waje ya ce, "Matar nan tana da kirki."

Washegari ban je makaranta ba. Na je gidan mai unguwa, na yi tsaye a ƙofa kusan rabin awa kafin in iya yin sallama. Ya rubuta mini takarda cewa Mijinyawa ne ya haife ni, ya buga hatimi. A gida aka haife ni, ba ni da katin asibiti. Na hau keke zuwa hanyar Gubi, na tarar ana kwashe kujeru. Madam Dorcas tana ɗaure kwali da igiya. Ta karanta takardar har ƙarshe, ta ninke ta yadda take, ta mayar mini.

"Jiya da yamma aka tura sunaye. Jami'in ya tafi da kwamfutarsa."

"Madam, babana ne. Wallahi babana ne."

"Na sani. Hancinku ma ɗaya." Ta ja igiyar da ƙarfi. "Jiya nake son wannan muryar, 'yata. Sau uku na buɗe muku ƙofa."

"Baɗi fa?"

"Shekararsa nawa baɗi?"

Ta ba ni ruwan leda ɗaya, ta ce in sha kafin in hau titi.

Da aka liƙa sunaye, na Andrawus ne na huɗu. Ya zo gidanmu da yamma, bai ko zauna ba.

"Mijinyawa, kalma ɗaya! Tawa ce. Shi ke nan! Ko akuya aka tambaye ka ai za ka ce tawa ce."

"Ba za ka gane ba, Andrawus."

"Na gane mana. Mu ma muna da kunya a garinmu, amma ba ma zuwa da ita ofis. Shi wannan yayan naka, bakinsa ciwo yake yi?"

"Kada ka taɓa Yaya."

"Ni ban taɓa shi ba, shi ya taɓa ka." Ya juyo ya gan ni a bakin ƙofa, ya buɗe baki, ya fasa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ajiye littafin lissafin da suke dubawa tare a kan tabarma, ya ce an ba shi sabo, ya fita.

Umma ba ta taɓa ce mini ai na gaya miki ba. Ta sayar da tukunyarta babba da atamfa biyu, ba su kai ko rabin kuɗin rajista ba, kuma kwana tara ya rage. Agusta ya ƙare ranar wata Lahadi. Baba ya ci gaba da zuwa aji na mako biyu, ina ga don kada a ce ya daina saboda wannan. Daga nan wata rana La'asar ta yi, ya yi salla, ya dawo ya kunna rediyo. A watan Janairu sunansa ya fito a jerin 'yan wucin gadi. Fayil ɗin da sunan ke ciki shi ya ɗauke shi daga ofishin darakta zuwa na akawu.

Zaman asuba ya mutu. Yanzu in an idar da salla yana komawa ɗaki, ni kuma in taya Umma hura wuta. Da gawayi ya jiƙe a daminar bana, Umma ta ce in samo takarda. Ta nuna jakar makarantar Baba da ke rataye a ƙusa.

"Ya ce a yi amfani da su."

Na fara da littafin lissafi, ina yaga shafi ɗaya ɗaya. Ya yi mana kusan wata guda. Sai na Turanci. Sai na Hausa. A tsakiyar na Hausan na ga aikin gida da malaminsu ya ba su, a rubuta layi goma a kan iyali. Rubutun Baba ne, manyan baƙaƙe a tsaye kamar an auna da ma'auni, ya danna biro har ya fito ta baya. Layi na uku ya ce: 'Yata ta fari sunanta Habibatu. Tana aji biyar a sakandare. Ita take koya mini lissafi. Malamin ya ba shi takwas cikin goma, ya zagaye inda ya manta ƙugiyar wani harafi da jan biro.

Na duba kwanan watan. Mako uku ne kafin ranar ganawa. Wannan littafin ne ya ciro daga jaka ya nuna wa Madam Dorcas, ta ce rubutunsa ya fi nata kyau. Yana kan teburin tun daga farko har ƙarshe. Babu wanda ya ce masa rubuta. Ni da na fi kowa sanin takarda ban ce a ba shi biro ba.

"Wutar fa?" in ji Umma. "Ƙullun zai yi tsami."

Na yage shafin na ninke na sa a cikin hijabina, na yagi na bayansa na miƙa mata.

Ranar Juma'ar nan Baffa ya zo. Ya kawo rabin buhun gyaɗa da zabi biyu, an sauke a zaure. Na ji muryarsa tun daga waje yana tambayar Baba yaushe zai zo ya ga inda ya ware masa a gonar. Baba ya ce sai an ga yadda hutu ya kama. Sannan Baffa ya ɗaga murya yadda ya saba.

"Ina 'yata ne? Ko ta yi girman da ba ta kawo wa ubanta ruwa?"

Umma ta miƙo mini kofin, ta riƙe hannuna na ɗan lokaci kafin ta saki. Takardar tana nan a ƙirjina, gefenta na sukata. Na shiga zauren, Baba yana zaune a ƙasa, Baffa a kan kujera. Na durƙusa har ƙasa na miƙa ruwan da hannu biyu.

"Sannu da zuwa, Baffa. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, Habibatu. Yaya karatu?"

"Alhamdulillahi," na ce.

Ya shanye ruwan tas, ya miƙo mini kofin.